Yadda Aka Gwada Mini Jijiyoyin Kai 12 a Shika Bayan Fuskata Ta Karkace

Yawancin jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki ta cikin laka suke bi, su fito ta tsakanin ƙasusuwan gadon baya, amma akwai guda 12 a dama da 12 a hagu waɗanda ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ko daga gindinta, su ratsa ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙoƙon kai, su nufi hanci da ido da kunne da fuska da harshe da maƙogwaro. Ni malamin sakandare ne a Tudun Wadan Zariya, kuma ba kimiyya nake koyarwa ba, saboda haka babu abin da ya haɗa ni da sanin waɗannan jijiyoyi sai da ɗaya daga cikinsu ta daina aiki a hunturun da ya wuce, aka zaunar da ni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, aka bi su da gwaji ɗaya bayan ɗaya.

Abin ya fara ne da wani ciwo mai nauyi a bayan kunnen dama, irin wanda kowa kan jingina wa sanyi. Washegari ruwan kurkurar baki ya riƙa tsiyaya ta gefen dama, idon wannan gefen ya ƙi rufuwa, shayi ya rasa ɗanɗanonsa a rabin harshe, kuma haruffan da ake haɗa leɓe kafin a furta su, irin su ba da ma da fa, suka riƙa fita da iska. Mai ɗakina ce ta fara cewa bakina ya koma hagu, sai duk gidan suka tsaya a kan cewa hagun ne ke da ciwo, alhali gefen mai lafiya ne ke jan bakin zuwa wajensa domin babu mai ja daga ɗaya gefen. Hajiya mahaifiyata ta ce marin aljani ne, ƙanena kuma ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ta fara. An yi mini tofi da addu'a, na karɓa da hannu biyu, sannan a wannan safiyar muka kama hanyar Shika, domin idan maganar ƙanena ce gaskiya, kowace sa'a da ta wuce asara ce.

Bayan an yanki kati an auna hawan jini da suga, aka shigar da ni wurin wani babban likita da ɗalibansa suka kewaye. Ya ce, "Malam, waɗannan ɗalibaina ne, in ba damuwa za su tsaya su gani." Na ce, "Likita, ni ma da ɗalibai nake cin abinci, su matso kusa." Wannan izini da na bayar shi ya sa na ji bayanin kowane mataki, domin duk abin da ya yi sai ya tambaye su dalilinsa. Ya fara da cewa in miƙe hannuwana gaba, in matse yatsunsa, in faɗi sunana da unguwarmu, in taka zuwa ƙofa in dawo, duk na yi ba tare da wata tangarɗa ba. Daga nan ya ce, "Malam, ɗaga girarka sama iya ƙarfinka." Gefen hagu na goshina ya yi layi-layi, gefen dama kuwa ya tsaya sumul.

A kan wannan goshi ya fi daɗewa. Tsokokin goshi suna karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, na dama da na hagu, amma tsokokin kunci da baki daga ɓangare guda suke karɓa, wato wanda ke can ɗaya gefen. Idan jini ya toshe ko ya fashe a saman ƙwaƙwalwa, baki zai karkace amma goshi yakan ci gaba da motsi, domin ɓangaren da ya tsira yana aika masa saƙo. Idan kuwa jijiyar fuska ce da kanta ta samu matsala bayan umarnin duka ya taru a cikinta, to daga goshi har haɓa babu abin da zai motsa. Ashe fuskar da ta mutu gaba ɗaya a gefe guda ta fi wadda baki kaɗai ya karkace sauƙin labari, abin da hankalin mai kallo ba zai taɓa ba shi ba.

Duk da haka bai tsaya nan ba. Ya gaya wa ɗaliban cewa gano jijiyar da ta lalace rabin aiki ne, sauran rabin shi ne gano wurin da ta lalace, kuma hanyar yin haka ita ce a gwada waɗanda suke bi kusa da ita, tunda ƙari ko toshewar jini ba kasafai suke taɓa guda ɗaya su ƙyale na gefenta ba. Don haka za a bi lamba daga 1 zuwa 12, kamar yadda suke jere daga gaban kai zuwa ƙeya. Wannan ƙidaya ba tun azal take haka ba: Jalinus, likitan nan na zamanin Rumawa da littattafan ɗibbu na Larabci suka cika ambatonsa, 7 ya ƙirga a kowane gefe, Thomas Willis na Ingila ya mai da su 9 a 1664, sai wani Bajamushe mai suna Sömmerring ya raba su 12 a 1778, kuma tsarinsa ake koyarwa har yau.

Ta 1 ita ce ta jin ƙamshi, kuma gwajinta bai ɗauki lokaci ba. Na rufe ido da hannu, aka toshe kafar hanci ɗaya, aka kawo sabulu kusa da ɗayar, na faɗi abin da na ji, aka sauya. Zaruruwanta sirara ne ƙwarai, suna hawa daga rufin hanci ta cikin wani ƙashi mai huji-huji, shi ya sa wanda ya bugu a kai a hatsarin babur kan iya rasa jin ƙamshi har abada, domin girgizar takan tsinke su a bakin waɗannan hujoji.

Ta 2 ita ce ta gani, mai ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan 1 a kowane ido. An tsayar da ni nesa da allon haruffa da mita 6, na karanta da kowane ido shi kaɗai. Sannan likitan ya zauna daidai gabana, ya ce in zuba wa hancinsa ido, ya riƙa kawo yatsa daga gefe yana tambaya yaushe na fara ganinsa. Dalilin wannan shi ne jijiyoyin idanun biyu suna haɗuwa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kusan rabin zaruruwan kowace su tsallaka zuwa ɗaya gefen, don haka irin gefen da mutum ya daina gani yana nuna inda matsalar take a kan hanya. Hawan jinin ido ma wannan jijiya yake ci, kuma daga gefe yake farawa, mutum bai ankara ba sai ya yi nisa. A ƙarshe ya leƙa cikin idona da wata ƙaramar na'ura mai haske, ya ce nan ne kaɗai a jiki ake iya ganin kan jijiya ido da ido ba tare da an tsaga fata ba, kuma in ya kumbura alama ce ta matsi a cikin ƙoƙon kai. Nawa bai kumbura ba.

Ta 3 da ta 4 da ta 6 tare ake gwada su, domin su ukun ne ke juya ƙwayar ido ta hanyar tsokoki 6 da ke manne da ita. Ya riƙe haɓata don kada kai ya motsa, ya ce in bi yatsansa da ido dama da hagu, sama da ƙasa, in faɗa masa in na ga yatsan ya zama biyu. Ta 3 ce ke da mafi yawan aikin: tana riƙe da tsokoki 4 daga cikin 6, tana ɗaga fatar ido ta sama, tana kuma tsuke baƙin tsakiyar ido in haske ya yi yawa. Da ya haska tocila a idon dama, baƙin idanun biyu suka tsuke tare, wato ta 2 ta kai labarin hasken, ta 3 ta kowane gefe ta dawo da amsa. A nan ne ya tsayar da wata ɗaliba da tambayar wace jijiya ce ke buɗe ido, wace ce ke rufe shi, domin mutane kan haɗa su: wanda fatar idonsa ta faɗi ya kasa buɗewa, ta 3 ce ta gaza, wanda kuma ya kasa rufewa irina, ta 7 ce, wato jijiyar fuska. Ta 4 ita ce mafi siranta, ita kaɗai ce ke fitowa ta bayan gindin ƙwaƙwalwa, kuma tsoka ɗaya tak take yi wa aiki, wadda ke sa ido ya dubi ƙasa ta wajen hanci. Wanda ta lalace masa yakan ga matakalar bene biyu-biyu in yana saukowa.

Ta 6 ita ce ya fi sa wa ido a kaina. Aikinta ƙarami ne, jan ido zuwa waje ta gefen kunne, amma a cikin gindin ƙwaƙwalwa zaruruwan jijiyar fuska suna zagaye tushenta kafin su fito. Ma'ana, akwai irin toshewar jinin da ke faruwa a can ƙasa, wadda ke kashe fuska har da goshi, ta ruɗi mai dogaro da gwajin gira kaɗai, sai dai ita takan hana ido juyawa zuwa wannan gefen. Idona na dama ya tafi har ƙurya ya dawo, kuma na lura daga nan ne muryar likitan ta sassauta.

Ta 5 ita ce mafi kauri, kuma rassa 3 gare ta: na goshi da ido, na kunci da leɓen sama, da na muƙamuƙin ƙasa. Ita ce ke kai labarin taɓi da zafi da sanyi daga fuska da haƙora, kuma reshenta na ƙasa ne likitan haƙori ke kashewa da allura har leɓe da rabin harshe su yi nauyi. Na shiga ɗakin ina cewa gefen dama ya mutu ba na jin komai, amma da ya shafa auduga a goshi da kunci da haɓa, ya bi da ɗan tsinke, sai na ji duka daidai da na hagu. Nauyin da nake ji na tsokar da ta saki ne, ba na fata ba. Ya ce in cije haƙora, ya dafa gefen muƙamuƙaina ya ji sun yi tauri daidai wa daida, domin tauna ma aikin ta 5 ne, ba na jijiyar fuska ba, ko da yake abinci kan maƙale tsakanin kunci da dasashi tunda tsokar da ke turo shi ta daina aiki.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na gaba. Ya murza auduga ta yi siriri, ya ce in dubi gefe, ya taɓa bakin baƙin idona na dama da ita. Na ji taɓin sarai, idon hagu ya ƙifta nan take, na dama da aka taɓa kuwa bai rufu ba. Da ɗan zaren auduga ya raba jijiyoyi biyu: ta 5 ta kai saƙo lafiya, shaida ke nan idon hagu ya amsa, ta 7 ta dama ce ta kasa dawo da umarni.

Da aka iso kan ta 7, ya sa na yi abin da duk fuska ke yi: in runtse ido, in yaƙe haƙora, in cika kumatu da iska, in yi fito, in tsuke hanci. Da na yi ƙoƙarin runtsewa ɗaliban suka matso, domin ƙwayar idon ta juya sama farin ya bayyana, abin da idon yawancin mutane ke yi in zai rufe, sai dai fatar ido ke ɓoye shi. Sannan ya zana musu hanyar jijiyar a takarda. Tana fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ta shiga ramin kunne na ciki tare da ta 8, ta bi wata siririyar hanya mai lanƙwasa a cikin ƙashin kunne, ta fito ta wani rami a ƙasan kunne, ta ratsa cikin matsatsar yawun nan ta gaban kunne, wato sashen da ke samar da yawu, wadda ke kumbura in yaro ya kamu da hangum, sannan ta rabu rassa 5 a kan fuska. Tun tana cikin ƙashin take sakin wasu rassa uku a jere: na farko zuwa matsatsar hawaye, na biyu zuwa wata ƙaramar tsoka a cikin kunne mai rage ƙarfin ƙara, na uku kuma mai ɗauko ɗanɗano daga kashi biyu cikin uku na gaban harshe, yana kai umarni ga matsatsun yawu na ƙarƙashin harshe da muƙamuƙi.

Wannan jeri shi ne ma'aunin gano wuri. Ya tambaye ni ko ƙara na damuna, na ce hon ɗin motoci a hanyar Samaru ya riƙa sukar kunnen dama har sai da na toshe shi. Ya ɗiga ruwan sukari a gefen dama na harshe ban gane shi ba, ya ɗiga a hagu na gane. Tunda ɗanɗano da tsokar kunne duk sun taɓu, matsalar ba a kan fuska take ba, ba kuma a matsatsar yawu ba. Tana can cikin ƙashi, sama da inda waɗannan rassa ke rabuwa. A wannan matsattsiyar hanya, in jijiya ta kumbura ba ta da inda za ta buɗa, kamar ƙafar da ta kumbura a cikin takalmi sau-ciki, sai ƙashin ya matse ta saƙo ya daina wucewa.

Ya haska cikin kunnena yana neman ruwa ko ƙuraje, domin ciwon kunne mai zubar da mugunya kan kai ga wannan jijiya, haka ma ƙwayar cutar ƙarambau da kan kwanta a jiki shekaru ta farka ta fesa ƙuraje masu zafi a kunne, kuma wannan nau'in ya fi wuyar warkewa. Ya lalubi gaban kunne ko akwai ƙulli, ya duba fatar jikina ko akwai tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi, ya tuna wa ɗaliban cewa kuturta na daga cikin cututtukan da ke hana ido rufuwa, kuma cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta tana nan Saye kusa da su, don haka ba su da uzurin mantawa da ita. Ya kuma nemi izinina a yi gwajin ƙanjamau tare da sauran awon jini, na amince.

Ta 8 aiki biyu gare ta, ji da daidaiton tsayuwa. Ya murza yatsu kusa da kowane kunne, sannan ya ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu, ya buga shi ya kama rawa yana ƙara. Ya ɗora gindinsa a ƙashin bayan kunnena har na daina ji, ya matso da bakinsa kusa da ramin kunne sai na ci gaba da ji, wanda shi ne daidai, domin lafiyayyen kunne ya fi jin sauti ta iska a kan ta ƙashi. Ya sake bugawa ya ɗora a tsakiyar goshi, ya tambayi ta ina ƙarar ta fi, na ce a tsakiya take. Muhimmancin wannan a wurina shi ne ta 7 da ta 8 rami ɗaya suke shiga, don haka ƙarin da ya tsiro a wannan lungu yakan fara da rage ji da kawo jiri. Wannan jijiya ce kuma sanƙarau kan lalata, shi ya sa ake samun yaran da suka tashi daga ciwon amma suka kurmance.

Ta 9 da ta 10 a maƙogwaro ake duba su. Ya ce in buɗe baki in ce "aa", ya haska tocila, sai ya yi murmushi ya kira ɗaliban su leƙa, domin belin da littafinsu ya ce a duba ko ya karkata babu shi, wanzami ya cire shi tun ina jariri. Ya ce a wannan yanki za su riƙa haɗuwa da irin haka da yawa, don haka su koyi kallon ganɗar baya ko tana ɗagawa daidai ta gefe biyu, ya kuma ƙara da cewa cire belin ba shi da wani amfani ga jariri sai haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Ya ba ni ruwa na haɗiye ban ƙware ba, ya sa na yi tari, ya saurari muryata. Ta 9 ce ke kai ɗanɗano da taɓi daga can bayan harshe da maƙogwaro, ita ce kuma ke sa matsatsar yawu ta gaban kunne aiki, wadda ta 7 ke ratsawa ba tare da ta ba ta umarni ba.

Ta 10 kuwa ban ga dalilin da za a tsare ta a cikin lissafin kai kaɗai ba, domin ita ce mafi tsawo, tana saukowa ta wuya ta shiga ƙirji da ciki, tana kula da zuciya da huhu da tumbi da mafi yawan hanji. Ita ce ke rage gudun zuciya. Da za a bar zuciya da kanta da ta riƙa bugawa kusan sau 100 a minti, amma wannan jijiya ke riƙe ta a ƙasa da haka in mutum na hutawa. Reshenta mai motsa maƙogwaron murya na gefen hagu sai ya sauka har cikin ƙirji, ya zagayo ta ƙarƙashin babbar hanyar jinin da ke fita daga zuciya, sannan ya sake hawa wuya, shi ya sa dashewar murya da ta daɗe ba tare da mura ba kan sa likita ya nemi hoton ƙirji.

Ta 11 a ɗan lokaci aka gama da ita: na ɗaga kafaɗu yana dannawa, na juya kai dama da hagu yana turewa da tafin hannu. Ita tushenta a saman laka yake, sai ta hau cikin ƙoƙon kai ta sake fitowa tare da ta 9 da ta 10. Ta 12 ke motsa harshe, kuma da na zaro shi wani ɗalibi ya ce ya karkata. Likitan ya ce ya sake dubawa, amma ya auna da tsakiyar haƙoran sama maimakon leɓe, sai ga harshen a miƙe, bakin ne karkatacce. Harshen da jijiyarsa ta mutu da gaske yakan nufi gefen da ke da ciwon.

Hukuncinsa shi ne jijiya ɗaya ce ta taɓu, ta 7 ta dama, a cikin ƙashin kunne, kuma babu wani sanadi da ya bayyana. Irin wannan shi likitoci ke kira da sunan Charles Bell, likitan fiɗa ɗan Sukotland da ya yi bayanin aikin wannan jijiya a 1821, kuma ana kyautata zaton ƙwayar cutar nan mai fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi na da hannu a ciki. Masu ciwon suga da mata masu ciki sun fi saurin kamuwa. Na tambaye shi, "Likita, ba za a yi hoton ƙwaƙwalwa ba?" Ya ce, "Malam, yau gwajin nan ya wadatar. In wata jijiyar ta biyo baya, ko ciwon ya ci gaba da ƙaruwa, ko watanni suka wuce babu motsi, to a lokacin za mu yi." Ya rubuta mini prednisolone na kwana 10, maganin rage kumburi da ya fi amfani in an fara shi cikin sa'o'i 72 na farko, ya ce in sha da safe bayan abinci kuma a riƙa auna suga domin maganin na ɗaga shi. Wajen mutum 7 cikin 10 suna warkewa sarai ko ba magani, maganin kuma yana ƙara wannan adadi. A ganina wannan ne ya sa kowane mai magani a gari yake da labarin wanda ya warkar, sai dai sauran ukun da ba su cikin masu sa'ar su ne ke biyan kuɗin jinkiri.

Abin da ya fi jaddadawa shi ne ido, ba baki ba. Idon da ba ya ƙiftawa yakan bushe, ƙura ta goge fuskarsa har ya yi gyambo, kuma wannan kan bar tabon da ya fi karkacewar baki illa. A hunturun Zariya wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Na riƙa ɗiga ruwan hawaye na kwalba a kai a kai da rana, in sa tabarau duk lokacin da zan fita, na daina hawa babur, da dare kuma mai ɗakina ta shafa man ido ta ja fatar ta rufe ta manne da filasta. Auduga ba a ɗora ta kai tsaye, domin idon kan buɗe a ƙarƙashinta ta riƙa gogarsa. A aji kuwa na koma yawan rubutu a allo, in zan yi magana in tallafi kuncin dama da yatsu domin haruffan leɓe su fita.

Motsi ya fara dawowa ne cikin 'yan makonni, da ɗan rawar da gefen baki ya yi, daga baya gira ta biyo, ɗanɗano ya dawo, ƙara ta daina suka. Duk zuwan da na yi asibiti sai a sake bin gira da ido da kumatu, a rubuta matsayina a kan wani ma'auni mai hawa 6, inda 1 ke nufin lafiya ƙalau, 6 kuma babu motsi ko kaɗan. A sashen gashi da motsa jiki aka koya mini tausa a hankali da motsa kowane sashe shi kaɗai a gaban madubi, aka hana ni yamutsa fuska da ƙarfi ko wuni ina tauna cingam kamar yadda wasu suka ba ni shawara.

Bayan watanni fuskar ta daidaita har ba mai gane wani abu ya faru, sai abu guda: in na yi dariya sosai idon dama yakan ɗan tsuke da kansa. Likitan ya ce wasu zaruruwan matsewar ta kashe su gaba ɗaya, sai da suka sake tsirowa a hankali, kusan milimita 1 a rana, kuma wajen tsirowar wasu da ya kamata su nufi baki suka shiga reshen ido. A wasu mutane zaruruwan yawu ne ke ɓacewa zuwa matsatsar hawaye, sai ido ya riƙa zubar da ruwa duk lokacin da suke cin abinci. Nawa mai sauƙi ne, ana rage shi da atisayen murmushi a hankali tare da riƙe ido a buɗe, wanda ya yi tsanani kuwa ana yi masa allurar da ke sassauta tsokar na 'yan watanni, in ƙarfin allurar ya ƙare a maimaita.